Yadda ake sauya tsarin shirin kacici-kacici ko mai gabatar da shi ba tare da masu kallo sun watse ba

Duk furodusan da ya daɗe yana shirya gasar kacici-kacici, ko a gidan talabijin na jiha a nan Katsina ko a wata tasha mai zaman kanta, wata rana sai ɗayan biyu ya same shi: ko mai gabatarwa ya bar aiki saboda ritaya ko canjin wuri, ko mai ɗaukar nauyi ya ce shirin ya tsufa a yi masa kwaskwarima. Idan haka ta taso, kada a haɗa sauyin biyu a zango ɗaya, domin in masu kallo suka ragu babu wanda zai iya tantance ko sabuwar fuska ce ta kore su ko sabuwar ƙa'ida. Da Pat Sajak ya ajiye shirin Wheel of Fortune na Amurka a 2024 bayan fiye da shekara 40, an kawo Ryan Seacrest, amma aka bar ainihin wasan yadda yake, aka kuma bar abokiyar gabatarwarsa Vanna White a wurin da aka saba ganinta.

Kafin a taɓa komai, a zauna a rubuta abin da yake ƙashin bayan shirin da abin da yake ado ne kawai. Ƙashin baya shi ne abin da mai kallo yake bi daga gida, yana amsa tambaya tun kafin ɗan takara ya buɗe baki. A shirin Who Wants to Be a Millionaire, wanda ya fara a Birtaniya a 1998, ƙashin bayan shi ne tambayoyi 15 da suke ƙara wuya yayin da kuɗin ke hauhawa, da ɗan takara zaune yana zufa yana auna ko ya amsa ko ya tafi da abin da ya samu. Masu shirya shi a Amurka sun sa agogon ƙayyade lokacin amsa a 2008, wanda ya rage wannan zaman zullumi, sannan a 2010 suka hautsina jerin tambayoyin da kuɗin, ta yadda tambaya mai sauƙi za ta iya zuwa da kuɗi mai yawa. Tsakanin 2013 da 2015 kuma an yi masu gabatarwa uku, kuma a 2015 aka koma tsohon jeri. A gasar makarantu irin tamu, misali ɗaliban Daura da na Funtuwa, ƙa'idar nan ta miƙa wa abokan karawa tambayar da aka kasa amsawa ita ce ke tayar da mutane tsaye a gaban akwatin talabijin, don haka ba a taɓa ta. Launin labule da kujeru kuwa a sauya yadda aka ga dama. Kiɗan buɗe shiri ne kawai adon da nake ganin a bar shi, domin da shi uwargida take sanin an fara tun tana madafa.

Ba kowane sauyi ne ɓarna ba, amma wanda ya kawo shawarar ya faɗi matsalar da yake son magancewa. An cire damar kiran aboki ta waya daga shirin Who Wants to Be a Millionaire na Amurka a 2010 saboda abokan sun koma duba amsa a intanet, kuma wannan dalili ne mai ƙarfi. Shirin Jeopardy! ya soke ƙa'idar da ta hana gwani wuce wasa biyar a 2003, sai ga Ken Jennings ya ci wasa 74 a jere a 2004, jama'a suka riƙa dawowa kullum don ganin ranar da za a kayar da shi. Idan iyakar hujjar mutum ita ce wata tasha tana yin haka, a ajiye shawarar.

Zaɓen mai gabatarwa ya fi wuya, kuma nan ne aka fi ruɗuwa da shahara. A Indiya, Amitabh Bachchan ne ya fara gabatar da Kaun Banega Crorepati, wato nasu Who Wants to Be a Millionaire, a 2000. A 2007 aka ba Shah Rukh Khan, wanda babu mai musun farin jininsa, amma zango ɗaya ya yi, a 2010 aka dawo da Bachchan. A Najeriya ma, shirin Who Wants to Be a Millionaire da Frank Edoho ya riƙe daga 2004 zuwa 2017, da aka farfaɗo da shi a 2022 shi ɗin aka sake nema. Yawan mabiya a TikTok ba ya nuna mutum zai iya riƙe ɗakin ɗaukar shiri. A gwada kowane mai nema da 'yan takara na gaske, a kuma zuba ido a kan lokaci guda: yarinya 'yar sakandare ta kasa amsa tambayar da ta sani, ta sunkuyar da kai tana murza gefen hijabinta, malaminta na zaune a layin gaba. Mai gabatarwa nagari zai ce mata, "Kin yi ƙoƙari, 'yata, saura kaɗan," ya faɗi amsa, ya wuce da sauri don kyamara ta bar fuskarta. Wanda ya tsaya yi mata dariya don ya burge 'yan kallo bai dace ba, komai daɗin muryarsa. Raha tana da wurinta, kamar barkwancin Bakatsine da Banufe, amma ba a yin ta a kan wanda ya sha kaye. A saurara kuma ko yana furta sunayen Larabci da na garuruwa daidai, da yadda yake gaishe da dattijo idan ya hau kujera.

A binciki abin da mutum ya taɓa faɗa a bainar jama'a kafin a sanar da sunansa. Bayan rasuwar Alex Trebek, mai gabatar da Jeopardy!, a 2020, an naɗa Mike Richards a gurbinsa a Agustan 2021, cikin 'yan kwanaki ya sauka saboda wasu tsofaffin kalamansa da aka tono. Idan tsohon mai gabatarwa yana raye kuma an rabu lafiya, a roƙe shi ya fito ya miƙa wa sabon da bakinsa, sannan a hana sabon kwaikwayon salonsa.

Lokaci ma yana da tasiri. Kada a fito da sabon tsari cikin azumi, lokacin da tafsiri ya cika tashoshi. A jira bayan ƙaramar Sallah, a bar rana da sa'ar shirin yadda suke. Tun makonni huɗu kafin sauyin a fara rubuta yawan kiran waya, da saƙonnin tes, da masu kallo a Facebook da YouTube, don a samu abin kwatantawa. Ƙorafin makon farko da na biyu dole ne a ji shi a majalisa da teburin mai shayi, kuma ba a yanke hukunci a kansa. A ba sabon mai gabatarwa cikakken zango na mako 13, kuma a sa wannan sharaɗi a rubuce cikin yarjejeniya da mai ɗaukar nauyi tun kafin a ɗauki shirin farko.