Shanyewar ɓarin jiki da agogon jiki: kurakuran da ke ƙara wa ƙwaƙwalwa rauni

Shanyewar ɓarin jiki ta fi faɗa wa mutane tsakanin ƙarfe 6 na safe da 12 na rana. Dalili kuwa, cikin barci jini yakan sauka, gab da farkawa ya yunƙuro sama, a daidai lokacin da ya fi saurin daskarewa. Agogon da ke cikin jiki ne ke tsara haka.

To a nan ake tafka kuskure mafi muni. Mutum ya tashi baki a karkace, kofi ya suɓuce daga hannunsa, magana na sarƙewa, sai a ce danne hannun ya yi, ya koma ya kwanta. Ƙwaƙwalwa ba ta da rumbu: nauyinta kashi 2 ne cikin 100 na jiki, amma tana cinye kashi 20 na makamashinsa. Idan babbar jijiyar da ke kai mata jini ta toshe, ƙwayoyin ƙwaƙwalwa kusan miliyan 2 ke mutuwa duk minti. Ba kwanciya, sai asibiti.

A can ma akwai tuntuɓe. Likita ya tambayi yaushe abin ya fara, 'yan uwa su ce "da ya farka". A'a, lokacin da aka yi masa ganin ƙarshe lafiya lau ake so, ko da jiya da dare ne, domin allurar narkar da gudan jini awa 4 da rabi ce wa'adinta, sai fa in hoton ƙwaƙwalwa ya ba da dama.

Ɗura masa abin zaƙi wai ya samu ƙarfi? Kul! Yana iya ƙwarewa, sannan yawan suga a jini na faɗaɗa raunin. Awo ne zai nuna ko sugan hawa ya yi ko faɗuwa. Haka ma asfirin da maganin hawan jini, a bar wa likita. Wata shanyewar fashewar jijiya ce, ba toshewa ba.

Kuskuren da aka fi rainawa, a ganina, shi ne na bayan sallama. Majinyaci ya wuni yana gyangyaɗi a ɗaki mai duhu, dare ya yi ido biyu. A ɗage labule da safe, a tsayar da lokacin abinci da na magani, a rage fitila da waya da dare. Idan kuma yana minshari har numfashi na ɗaukewa, a gaya wa likita, don fiye da rabin masu wannan larura suna da matsalar, kuma tana hana jini sauka cikin dare.