Yadda Ake Sassaƙa Siririn Faifan Akirilik A Injin Juyi

Akirilik, wato robar nan mai kama da gilashi da ake sayarwa da sunan Perspex, abu biyu ne ke ɓata ta a kan inji: matsi da zafi. Faifai mai kaurin milimita 3, in ka damƙe shi da haƙoran cak, wato bakin injin da ke riƙe abin da ake sassaƙawa yana juya shi, lanƙwashewa zai yi ko ya tsage. Saboda haka ta fuska ake riƙe shi, a bar gefensa fili.

Fara da zana da'irar da kamfas, ka yanke da zarto mai ƙananan haƙora, ka bar rarar milimita 2 zuwa 3. Kada ka ɓare takardar da ke jikin robar, ita ce ke kare ta daga ƙarzuwa.

Sai ka ɗaura guntun katako a cak, ka share fuskarsa ta miƙe, ka rage faɗinsa ya gaza na faifan kaɗan. Manna faifan a kai da tef mai gam fuska biyu. Ta ɗaya fuskar kuma, ɗora wani katakon mai laushi, ka tokare shi da tsinin baya mai juyawa, wato tsinin da ke ɗaya ƙarshen injin yana fuskantar cak. Matsa daidai yadda faifan ba zai zame ba. In ka wuce haka, zai tsage daga tsakiya.

Wuƙar ce ginshiƙin aikin. Ta ƙarfen HSS, wato ƙarfe mai tauri da ake yin wuƙaƙen inji da shi, ta fi, a wasa ta sosai, samanta a kwance ba tare da karkata ba, domin ta kankare robar maimakon ta cafke ta. Bakinta ya zauna daidai tsayin tsakiyar faifan. Ga faifai mai faɗin milimita 100, fara da juyi 500 a minti, kana cin milimita 0.2 zuwa 0.5 a kowace wucewa. Kalli abin da ke fita: in dogon zare ne mai laushi, aiki na tafiya daidai. In ya fara dunƙulewa yana manne wa wuƙa, zafi ya yi yawa, domin akirilik na fara laushi a wajen digiri 100. Rage gudu, ka fesa iska ko ruwa mai ɗan sabulu. Kada ka bar wuƙa tsaye wuri guda tana goga. Sa tabarau, kuma kada ka ja zaren da hannu inji na juyawa.

Akirilik da aka zuba a mazubi ya fi wanda aka matso daga inji daɗin sassaƙa. Na biyun saurin narkewa gare shi.

Don gefen ya yi sheƙi, goge da jiƙaƙƙiyar sanfefa lamba 400, sai 800, sai 1200, ka ƙarasa da man goge haƙora a tsumma. Wajen cirewa, zura zaren nailan tsakanin faifan da katakon ka ja a hankali. Ragowar gam a wanke da ruwan ɗumi da sabulu. Tina, fetur da sifirit suna haddasa ƙananan tsagu a gefen da aka sassaƙa, wani lokacin sai bayan kwanaki suke bayyana.