Hawan Gajeriyar Hanya a Bangon Dutsen da Rana ke Duka

Hanyar da na fara yi wa igiya jagora, wato ni ne na fara hawa ina rataya ta, ba ta wuce mita 12 ba. Ƙusoshi biyar aka kafa mata, sai sarƙa a can sama. Da na ɗaga kai na hange ta na ce wannan ai wasan yara ne. Ban kai ƙusa ta biyu ba tafin hannuna ya jiƙe sharkaf, ƙafata ta dama tana rawa kamar mazari, ga ƙasa nan kusa tana jirana. Matsalar gajeriyar hanya ke nan: kusan rabinta kana inda in ka faɗo za ka iya taɓa ƙasa.

Irin hawan da nake magana shi ne wanda an riga an huda dutsen an kafa ƙusoshin ƙarfe masu kunne, kai dai ka hau kana rataya igiya. Ka nemi hanyar da aka ba lamba 4 ko 5a a ma'aunin wahalar hawa na Faransa, ko 5.6 da 5.7 a na Amurka, kuma bangon ya ɗan kwanta, yadda nauyinka zai zauna a kan ƙafa. Daga ƙasa ka ƙirga ƙusoshin, ka ɗauki tagwayen ƙugiya, wato ƙugiya biyu da aka haɗa da ɗan madauri, ɗaya ta shiga ƙusa ɗaya ta riƙe igiya, daidai da yawansu, ka ƙara biyu na sarƙar sama. Igiya sai ta ninka tsawon hanyar sau biyu. Mai mita 60 ta isa har da saura, amma duk da haka ka ƙulle ƙarshenta. Ni ko a hanyar mita 8 ina ƙullewa, don hannuna ya saba.

Sai rana. A arewacin duniya, bangon da ya fuskanci kudu yini yake yi a cikinta, wanda ya fuskanci gabas kuma da safe yake sha, na yamma da la'asar. Lokacin sanyi wannan daɗi ne, dutse ya yi ɗumi, yatsu ba sa ƙagewa. In zafi ya yi kuwa, robar takalmi takan yi laushi ta riƙa zamewa, allin hannu kuma gumi ya cinye shi nan da nan. Kafin in ɗaura ɗamara, wato abin da ake sawa a ƙugu da cinyoyi a ɗaura masa igiya, nakan dafa dutsen da tafin hannu, in na kasa barinsa a kai sai in nemi inuwa in jira. Takalman ma a inuwa nake ajiye su. Ka kuma tuna da mai riƙe maka igiya, shi ne zai ɗaga kai yana kallon rana, to ya tsaya inda ba za ta kashe masa ido ba. In ka tarar da tsohon madauri da wani ya bari a sama, rana ta koɗar da launinsa, kada ka ba shi amanar nauyinka.

Kafin ka taka dutse ku dudduba juna: ƙullin igiya mai siffar lamba takwas ya ratsa madaukai biyu na ɗamararka, igiya ta shiga na'urar riƙewa ta fuskar da ta dace, ko Grigri ce ko wata, ƙugiyarta a kulle, hular kwano a kan kowa.

Ƙusoshi uku na farko su ne inda hankali zai taru. In ta farkon ta yi nisa, ka rataya mata igiya tun daga ƙasa da doguwar sanda, babu abin kunya a ciki. Abokinka ya tsaya dab da bango, ya ɗan kauce gefe, kada ya bar igiya ta yi tumbi. Kai kuma tsoro zai sa ka so ka miƙa hannu ka rataya tun ƙusa tana can saman kanka. Ka daure. Igiyar da ka jawo don ka kai can, in hannunka ya suɓuce, ita za ta ƙara maka nisan faɗuwa. Hau har ƙusar ta zo tsakanin ƙugu da ƙirji, ka sami wurin tsayuwa mai kyau, ka bar hannun da ke riƙe da dutse a miƙe, sannan ka rataya.

Igiyar ta shiga ƙugiya daga ɓangaren dutse ta fito ta wajenka. In ka juya ta, tana iya danne ƙofar ƙugiyar ta fice lokacin faɗuwa. Kada kuma ta bi ta bayan ƙafarka. Wannan na ɗanɗana: na zame, igiya ta harɗe ni, na juye kai ƙasa, hular kwano ce ta sha bugun.

Da ka kai sarƙa, ka rataya tagwayen ƙugiya biyu, ɗaya a kowane zobe, ƙofofinsu suna kallon saɓanin juna, ka sa igiya cikin duka biyun. Ka ce "ja!" Kada ka saki dutse sai ka ji igiya ta ɗaure ta ɗauki nauyinka, sannan ka ce "sauke ni". Ka zauna cikin ɗamara, tafin ƙafa a jikin bango, ka riƙa takawa da baya. Kwance kayan sama kuwa, wanda sai an zura igiya cikin zobba, a ranar farko ka bar wa wanda ya ƙware. Ni sai da na maimaita shi a ƙasa, a jikin zobba biyu da aka kafa daidai ƙirjina, har hannuna ya haddace, kafin na yarda in yi shi a sama.