Yadda ake ɗaura sarbo a jirgin rimot, kada ya saki a sama

Masu haɗa ƙananan jiragen rimot a Kano yawancinmu da fom muke aiki, sarbon ma, wato ƴar na'urar da ke motsa ɓangaren fiffike mai lanƙwasawa in ka murza rimot, ƙaramin nan ne, SG90 mai giram 9 ko MG90S mai haƙoran ƙarfe, toh a kansu zan fi tsayawa.

Kafin ka taɓa gam, jona sarbon a risiba, wato na'urar cikin jirgi mai karɓar saƙon rimot, ka kunna rimot, tirim (ƴan maɓallan daidaitawa na jikin rimot) duk a tsakiya, ka bar shi ya tsaya da kansa. Wayoyinsa uku ne, ruwan ƙasa nagetif, ja wuta, ruwan lemo sigina, kuma bolt 4.8 zuwa 6 yake ci, kada ka kai masa batir kai tsaye. Yana tsaye a tsakiyar sai ka sa masa hannunsa, ɗan robar da ake ɗorawa a kansa, ya yi kwana 90 da wayar ƙarfen da zata tura fiffike, ka ɗaure ɗan sukurun nan na sama. In ka manna tukuna wani lokacin sukundireba ma ba zata shiga wurin ba.

A fom, ɗora sarbon ka zana gefensa da biro, ka yanke ramin da sabuwar reza, ya ɗan matse, sai ka tura da yatsa ya shiga. Naɗe jikinsa da salatif na takarda zagaye ɗaya sannan ka sa gam akan salatif ɗin, ranar da haƙori ya karye tsaga takardar kawai zaka yi ka zare shi. Gam ɗin kyandir shi kowa ke ɗauka don sauri, amma fa a zafin Afrilu da rana ke haura digiri 40, ka bar jirgi a bayan mota awa ɗaya zaka tarar gam ya yi laushi, sarbo na motsi a raminsa, kana murza rimot sarbon ne ke juyawa fiffike na tsaye. Ni dai Araldite kaɗan nake ɗigawa a kunnuwansa biyu, ko in manna guntun tsinken askirim gaba da baya in ɗaure da sukuru. Sufa gulu na kasuwa kuwa cinye farin fom yake, ko kusa kada ka kai shi, in kuma ya zurara cikin giya sarbo ya tashi aiki.

Jirgin katako ko mai inji, nan sai faranti na filawud siriri. Manyan sarbo irin Futaba S3003 suna zuwa da robobi huɗu da ƴan bututun tagulla, robar ce ke shanye girgizar inji, bakin bututun mai faɗi ƙasa yake kallo wajen katako. Huda ramin sukuru da siririn ƙusa, ɗiga sufa gulu ya bushe don zaren ya kama, ka ɗaure daidai, kada ka matse har robar ta baje.

A fiffike kwantar da shi ake a gefensa, hannun kaɗai ke leƙowa waje.

Wayar turawa ta zama miƙaƙƙiya kuma gajera, lanƙwasa Z a bakinta. Ka fara da ramin ciki a hannun sarbo da na waje a ƙahon fiffike, wato ɗan robar da ke jikin fiffike inda wayar ke maƙalewa, motsin zai yi kaɗan amma da ƙarfi, sabon matuƙi haka ya fi masa. Gama duka sai ka kama fiffiken da yatsu biyu ka girgiza a hankali rimot na kunne, in jikin sarbon ya motsa ko kaji yana ta gurnani shi kaɗai, kwance ka sake kafin ka fita fili, kuma filin ya yi nesa da filin jirgin Malam Aminu Kano.