Kafin ka tura saƙon "masana sun gano": yadda ake bin diddigin sabon bincike

Kusan kullum sai an turo min irin saƙon nan a WhatsApp, wai masana a Amurka sun gano maganin sikila, ko an ƙera kwamfutar da za ta yi aikin shekara dubu a minti uku, ko kuma an samo wutar lantarkin da ba ta ƙarewa. Abin da ke damuna shi ne yawancin labaran nan ba ƙarya ba ce tsagwaronta, da gaske akwai binciken da aka yi a ƙarƙashinsu, amma kafin labarin ya iso wayarka ya bi ta hannu biyar ko shida kowa ya ƙara nasa gishirin, kuma mai mara lafiya a gida shi ne zai ɗauka da zafi ya je ya kashe kuɗi ko ya ajiye maganin da likita ya rubuta. To ga yadda nake bi in tace labari, ba sai kana da digiri ba, waya da ɗan data da haƙurin minti goma sun isa.

Farko dai ka nemo asalin takardar. Ka duba saƙon, akwai sunan mai binciken? Sunan jami'a? Sunan mujallar da aka buga shi da shekara? In babu ko ɗaya a ciki, kawai "masana sun ce", to ni nan nake tsayawa ba na turawa. In akwai, ka kwafi sunan ka zuba a Google Scholar, in harkar lafiya ce ka shiga PubMed, duk shafukan neman takardun bincike ne kuma kyauta ne. Yawancin takardun bincike suna da wata lamba da ake kira DOI mai farawa da 10, in ka same ta ka samu takardar kai tsaye. Kuma don Allah kar ka tambayi ChatGPT da 'yan uwansa ya baka sunan takarda ka tsaya a nan, domin suna iya haɗa maka sunan takarda da sunan marubuci da shekara tsaf alhali babu ita a duniya, sai ka gan ta da idonka a Scholar tukuna. In ka buɗe ba sai ka karanta duka ba, ka karanta taƙaitawar da ke sama inda aka rubuta Abstract, sannan ka gangaro can ƙasa ka nemi inda su masu binciken da kansu suka faɗi raunin aikinsu da kuma wanda ya ba su kuɗin yinsa. In Turancin ya yi nauyi ka sa manhajar fassara, ba abin kunya ba ne.

Sai ka duba a ina aka sa ta. Akwai rumbuna irin su arXiv, wanda yake nan tun 1991 kuma 'yan kimiyyar lissafi da fiziks da kwamfuta suka fi amfani da shi, da medRxiv na likitoci da aka buɗe a 2019. A waɗannan wuraren mutum na ɗora aikinsa ne tun kafin sauran masana 'yan fanninsa su tantance, wato daftari ne. Ba laifi ba ne, haka ake aiki, amma kai ka san cewa tuwon bai nuna ba. Ka tuna da LK-99? A watan Yulin 2023 wasu masu bincike a Koriya ta Kudu suka ɗora takarda a arXiv cewa sun haɗa wani abu da lantarki ke bi ta cikinsa ba tare da asarar komai ba, kuma a zafin ɗaki na yau da kullum, ba sai an daskarar da shi ba. Intanet ta ɗauka, ana ta cewa duniya ta canza. Ɗakunan gwaji a China da Indiya da Amurka da Jamus suka gwada haɗa shi, kafin ƙarshen watan Agusta magana ta mutu, aka gano wani gurɓataccen sinadarin tagulla ne da ya cakuɗu a ciki ya ruɗe su, da aka haɗa tsantsarsa a Jamus ma sai ya ƙi wuce da wuta kwata-kwata. Wata ɗaya kawai. Da mutane sun yi haƙuri.

Amma kar ka ɗauka da zarar babbar mujalla ta buga shi kenan an gama. Takardar wani likita Andrew Wakefield da ta alaƙanta rigakafin ƙyanda da matsalar ƙwaƙwalwar yara, a mujallar Lancet ta fito a 1998, yara 12 kacal aka duba, sai a 2010 aka janye ta kuma aka ƙwace lasisin mutumin, amma har yau akwai masu yawo da ita. Saboda haka ka duba saman takardar ko an manna mata kalmar Retracted, ma'ana an janye ta, ko ka sa sunanta a shafin Retraction Watch da ke bin diddigin takardun da aka janye. Sannan akwai mujallun 'yan kasuwa da in ka biya za su buga maka ko mene ne cikin sati guda, in sunan mujallar baƙo ne a wajenka ka duba ko PubMed ya san da ita.

Yanzu maganar magani, nan ne nafi so mu daɗe domin nan rai yake. Tambayar farko, a kan wa aka gwada? Da yawan labaran "an gano maganin ciwon kansa" in ka bi sai ka tarar a jikin ɓera ne, ko ma a cikin ɗan faranti a ɗakin gwaji. Daga nan zuwa kantin magani tafiya ce ta shekaru, akwai mataki na ɗaya da ake gwadawa kan mutane ƙalilan a ga ko zai cutar, na biyu a ga ko yana aiki da kuma yawan da za a bayar, na uku kan ɗaruruwa ko dubbai, kuma kusan tara cikin goma na magungunan da suka fara wannan tafiya a jikin mutane ba sa kaiwa ƙarshe. Tambaya ta biyu, mutum nawa? Ta uku wadda ta fi duka, da wa aka kwatanta su? Bincike mai kyau ana raba marasa lafiya gida biyu ne ta hanyar ƙuri'a, waɗannan a ba su sabon maganin waɗancan a ba su wanda aka saba ko ƙwayar da ba komai a cikinta, saboda mutane da yawa dama za su warke ko an ba su ko ba a ba su ba.

Lokacin korona mun ga wannan da idonmu. A watan Maris na 2020 wani likita Didier Raoult a birnin Marseille na Faransa ya fitar da bincike cewa hydroxychloroquine, ɗan uwan kulorokwin ɗin da muka sani, yana kashe cutar. Mutum 36 ne a lissafin, ba a yi ƙuri'a ba, kuma mutum shida daga cikin waɗanda aka ba maganin an cire su daga lissafi, ciki har da uku da aka kai sashen kulawa ta musamman da ɗaya da ya rasu. Duk da haka labarin ya zaga duniya, a Legas har hukumomin lafiya suka sanar an kwantar da mutane saboda sun ɗirki kulorokwin fiye da kima. Sai gwajin RECOVERY na jami'ar Oxford a Ingila ya zo, aka ba sama da mutum 1,500 maganin aka kwatanta da sama da 3,000 da ba a ba su ba, aka ga bai rage mutuwa ba. Takardar Raoult kuwa sai a Disambar 2024 aka janye ta.

Kuma shi wannan gwajin na RECOVERY ɗin shi ne ya gano wanda ke aiki da gaske, dexamethasone, magani mai arha. A cikin masu tsananin ciwo da na'ura ke musu numfashi, kusan 41 cikin 100 ke mutuwa in ba a ba su ba, da aka ba su ya sauko kusan 29. Kaga amfanin neman lambobin asali kenan, domin in aka ce maka "ya rage haɗari da rabi" sai ka tambaya rabin me, daga 40 zuwa 20 ne ko daga mutum 2 cikin dubu zuwa 1, duk rabi ne amma ba ɗaya ba ne. Sannan ka lura da su waye ya yi wa aiki, waɗanda ba sa buƙatar iskar oksijin bai amfane su ba. Ina faɗin wannan ne don nasan akwai masu shan dexa ɗin nan haka kawai don ƙiba, wallahi yana da illa sosai, ba abin sha ba ne ba tare da likita ba.

Ga misalin yadda abu mai kyau ke tafiya. Rigakafin maleriya na R21 da Oxford ta haɗa, an gwada shi kan yara 450 a Nanoro ta Burkina Faso aka samu kariya har kashi 77 cikin 100, ba a tsaya nan ba aka sake kan yara 4,800 a Burkina Faso da Mali da Kenya da Tanzaniya, Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da shi a Oktoban 2023, a Disambar 2024 aka fara yi wa yara a jihohin Kebbi da Bayelsa. Ko shi ɗin ba a ce a yar da gidan sauro ba. Maganar sikila kuma gaskiya ce, akwai wani magani Casgevy da ke gyara ƙwayar halitta, Ingila ta amince da shi a Nuwambar 2023 Amurka a Disamba, kuma kusan duk waɗanda aka yi wa a gwajin sun shekara ba tashin ciwon. Abin da saƙon ba ya faɗa shi ne kuɗin da aka sa masa a Amurka a 2023 dala miliyan 2.2 ne, kuma ba allura ɗaya ba ce a tashi, sai an ɗebi ƙwayoyin jinin mutum an gyara, an ba shi magani mai ƙarfi irin na masu kansa ya share ɓargo, ya yi makonni a asibiti, kuma yana iya shafar haihuwa. Uwar da ke rainon mai sikila ta cancanci a faɗa mata duka, ba rabi ba.

A fiziks tambayar farko ita ce, wani ya maimaita ya samu? A 2011 gwajin OPERA ya ce wasu ƙananan ƙwayoyi da aka harbo daga CERN, cibiyar binciken fiziks ta Turai, zuwa Gran Sasso a Italiya, tafiyar kilomita 730, sun riga haske isa, abin da a fiziks aka san ba ya yiwuwa. Su kansu masu binciken sun roƙi a taya su dubawa, a 2012 aka gano wata igiyar waya ce a na'urar ba ta ɗauru da kyau ba. Shi kuwa Higgs, wani ƙanƙanin ƙwayar zarra da aka sanar da gano shi ranar 4 ga Yulin 2012, tawaga biyu ne daban, ATLAS da CMS, kowa da na'urarsa suka ga abu guda, shi ya sa ya zauna. Sai kuma ka riƙa tambayar me aka bari a waje. A Disambar 2022 wani ɗakin gwaji a California ya harba hasken leza mai ƙarfin megajul 2.05 (megajul ma'aunin makamashi ne) ya samu 3.15, wato fiye da abin da ya harba, nasara ce babba ta gaske a hanyar samar da makamashi irin na rana, amma kunna na'urorin lezar 192 ɗin ya ci wuta kusan megajul 300.

Na kwamfuta kuma ka duba waye ke maganar, domin sau da yawa kamfani ne ke yabon hajarsa. A 2019 Google ya ce sabuwar kwamfutarsa Sycamore ta yi a daƙiƙa 200 abin da babbar kwamfuta za ta shekara 10,000 tana yi, IBM ya fito ya ce a'a kwana biyu da rabi ya isa, kuma lissafin da aka yi ɗin dama an zaɓe shi ne don gwaji ba wai yana da wani amfanin yau da gobe ba. AlphaFold kuwa, wani shirin kwamfuta da ke hasashen siffar furotin (sinadaran da ke gina jiki), a gasar CASP ta 2020 aka gwada shi, wasu ne daban suka shirya jarabawar kuma suka ɓoye amsar, ya ci, daga baya aka buɗe shi masu bincike a ko'ina suka yi ta amfani da shi, har Demis Hassabis da John Jumper suka samu kyautar Nobel a 2024. In aka ce manhaja ta fi likita gane cuta, ka tambaya da hotunan su waye aka koyar da ita, in duk na farar fata ne ba lallai ta gane ƙurji a fatarmu ba.

In ka gama duk wannan kuma ka ga ya dace ka tura, to ka goge kan labarin nan mai ihu, ka rubuta da hannunka layi biyu ko uku: wa ya yi, a wace shekara, kan mutum nawa ko kan ɓera, an tantance ko daftari ne, sannan ka manna adireshin takardar a ƙasa. In kuma magani ne kuma akwai mara lafiya a gidan, ka ɗauki hoton takardar a wayarka ka tafi da shi ranar ganin likita ka nuna masa kafin a canza ko ƙwaya ɗaya.