Inda ake sa waƙafi a jimlar Turanci mai sassa biyu

Da farko nemo kalmar da ta haɗa sassan. Guda bakwai ne: and, but, or, nor, for, so, yet.

Sai ka rufe ta da yatsa, ka karanta hagu da dama. Kowane sashe yana da mai aiki da aikatau, zai iya tsayawa da ƙafarsa? To, sa waƙafi kafin mahaɗin: Musa cooked the rice, but Amina washed the pot.

In sashe na biyu ba shi da nasa mai aikin, kada ka sa: Musa cooked the rice and washed the pot. Nan ɗalibai suka fi zamewa, hannu ya riga ya saba.

In babu mahaɗi sam, waƙafi kaɗai bai isa ba. Sa aya ko waƙafi mai ruwa (;).