Yadda zaka halarci karatun Dalai Lama a Dharamsala

In kana Indiya, ko karatu ya kaika ko jinyar wani ɗan'uwa, kuma kana sha'awar kaji da kunnenka abinda Dalai Lama, babban malamin addinin Buddha na 'yan Tibet, yake koyarwa akan tausayi da kwanciyar hankali, to abin baida wahala kamar yadda mutane ke zato, kuma a Indiya karatun kyauta ne. Shiri kawai yake buƙata.

Sunan mutumin Tenzin Gyatso, shine Dalai Lama na 14, an haifeshi 1935, ya gudo daga ƙasarsa Tibet dake ƙarƙashin China a 1959, tun 1960 kuma yake zaune a Dharamsala a jihar Himachal Pradesh can arewacin Indiya, a wata unguwa ta kan tsauni da ake kira McLeod Ganj. Ya karɓi kyautar Nobel ta zaman lafiya a 1989. A Yulin 2025 ya cika shekara 90, saboda haka karka sayi tikiti sai ka duba jadawalin da ofishinsa ke fitarwa a intanet, don yanzu zaman ya ragu sosai, yawanci da safe ne kuma baya daɗewa, wani lokacin ma a ɗage saboda jiki. Da sanyi, wajen Disamba zuwa Janairu, ya sha tafiya Bodh Gaya a jihar Bihar yayi karatun a can.

Daga Delhi akwai bas ɗin dare da zaka kwana a hanya ka wayi gari a Dharamsala, akwai jirgin sama zuwa filin Kangra, ko kuma jirgin ƙasa zuwa Pathankot sai ka ƙarasa da mota. In daga Najeriya zaka taso kar ka manta da katin rigakafin shawara bayan biza. Ka kama ɗaki da wuri don garin ƙarami ne kuma cika yake maƙil lokacin karatu, sannan in tsakanin Yuli da Satumba ne to ruwan sama ake kamar da bakin ƙwarya, ka riƙe lema.

Ka iso da kwana biyu ko uku kafin a fara, kaje inda 'yan Tibet ke yin rajista a McLeod Ganj da fasfo ɗinka da sauran takardun da suke nema kayi rajista, za'a baka kati, kuɗin da ake karɓa bai taka kara ya karya ba. A babban wurin ibadarsu mai suna Tsuglagkhang ake zaman. Ana gobe za'a fara mutane ke zuwa su shimfiɗa ƙyalle ko matashi su rubuta sunansu, kuma inda ka kama nan zaka zauna har a gama kwanakin, ba'a ɗaga kayan wani.

Abinda yafi komai muhimmanci a jakarka shine ƙaramar rediyo mai kama FM da abin sawa a kunne. Da yaren Tibet yake magana, ana fassarawa nan take zuwa Turanci da Hindi da Sinanci da wasu harsuna ta tashoshin FM, in baka da rediyo wallahi zaka zauna ne kawai kana kallon baki. Kar kace ai wayata tana kama rediyo, ba'a shiga da waya ko kyamara, ana caje kowa a ƙofa. Rediyon suna nan a shagunan kasuwar garin, ka saya ka gwada tun dare, ka riƙe batir na ko-ta-kwana. Sai matashin zama don a ƙasa ake zama, da rigar sanyi, da kofi naka, saboda 'yan zuhudu suna zagayawa da manyan butoci suna zuba shayi suna raba burodi. Shayin nasu da man shanu da gishiri ake yinsa, kurɓar farko zata baka mamaki amma yana ɗumama jiki.

Ladabin wurin ba baƙo bane a wajenmu: ka cire takalmi, karka miƙe ƙafa tana kallon malamin, karka tsallaka littafi ko ka ajiyeshi a ƙasa, in zaka zagaya ginin ka barshi ta hannun damanka kamar yadda kowa keyi.

Sai maganar da nasan tana ran mutane da yawa. Idan Dalai Lama ya shigo zakaga mabiya suna faɗuwa ƙasa sau uku, wannan ibadarsu ce, ba dole bane akanka kuma ba wanda zai harareka, ka miƙe tsaye don girmamawa ka koma ka zauna. Shi kansa ya sha nanata cewa yafi kyau kowa ya riƙe addinin da ya taso a ciki. Wasu ranakun ana yin bikin ɗaukar alkawari na mabiya, inda ake maimaita kalmomi bayan malami, in kai Musulmi ne ko Kirista kayi shiru abinka ka zama ɗan kallo, ko ka tsallake ranar gaba ɗaya. Kuma gaskiya ka sani akwai inda hanya ta rabu sosai, addinin Buddha bai ginu akan Mahalicci ba kuma sun yarda da sake haihuwa, zakaji waɗannan a karatun ɓaro-ɓaro. Wanda zuciyarsa bata natsu da zuwa ba, ya tambayi malaminsa tukunna, wannan ba abin kunya bane.

Tsarin karatun kamar zaman tafsiri yake, ya karanta baiti daga tsohon littafi sai ya tsaya ya warware, ya kawo misali, yayi dariyar nan tasa, ya cigaba. Yana yawan karanta Shantideva, wani malamin jami'ar Nalanda na ƙarni na 8, wanda ya ware babi guda akan haƙuri. A nan ne ake cewa wanda ya cuceka shine babban malaminka na haƙuri, tunda masoyi bazai taɓa baka damar gwadashi ba. Kuma tausayin da Dalai Lama yake nufi ba wai ka bari a takaka bane, zaka iya tsayawa ka hana zalunci da duk ƙarfinka amma ka raba aikin da mai aikin, kar ƙiyayyar mutumin ta zauna maka a ƙirji, don fushi kai yake fara ci kafin ya kai ga wancan. In ka tuna mai faɗin wannan mutum ne da ya rasa ƙasarsa yana ɗan shekara 23 kuma har yau bai koma ba, maganar sai tayi nauyi. Akwai atisayen da suke kira tonglen, kana jan numfashi kana ƙudurta ka ɗauke wahalar wani, kana fitarwa kana ƙudurta ka bashi sauƙi, ana farawa da wanda kake so, sai wanda baka sani ba, daga ƙarshe wanda kuke gaba dashi, kuma wannan na ƙarshen ne aikin, mutane na shekaru akai.

Akwai wuraren da zai shiga falsafa mai zurfi har kanka ya ɗau zafi, karka tashi, ka rubuta abinda ka kama a ɗan littafi da biro, da yamma ka koma masauki ka sake saurara, don ofishinsa yana watsa karatun kai tsaye kuma yana ajiye bidiyon a YouTube. Abinci kuma ba matsala, gidajen abincin da basa sa nama sun cika garin, ka nemi momo na ganye (ɗan ƙullin fulawa ne da ake cusa kayan lambu a ciki a turara) ko miyar taliya da suke kira thukpa. Ranar farko ka fito tun asuba, layin caje yana da tsawo kuma na maza daban na mata daban.